Zuba Yashi Zai Gyara Ƙasar Laka?

Tambaya: Malam, lambuna a bakin fadama yake, ƙasar laka ce. In na ba da ruwa sai ya kwanta kwana biyu, ganyen tumatir ya koma rawaya. In ta bushe kuma ta tsattsage, fartanya ba ta shiga. An ce in sayo tifar yashi in zuba. Ɗan abin da na tara ke nan, ina tsoron asara.

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka. Wannan shawara ta yashi ta ishe mu. Ƙwayar laka ta fi ta yashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, don haka in yashin kaɗan ne sai lakar ta cike duk kafar da ke tsakaninsa. Ruwa ya jiƙa, rana ta gasa, ka wayi gari da daɓe a maimakon lambu.

Kafin yashi ya sauya halin laka, sai ya kai kusan rabin ƙasar. Yi lissafi da kanka: fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi, zurfin santimita 20, ƙasarsa kubik mita 20 ce. Tifa ɗaya me za ta yi a nan? Yashin gulbi mai laushi kuwa ya fi kowanne ɓarna.

Abin da laka ke so ruɓaɓɓen taki ne: kashin shanu da ya daɗe ya ruɓe, shara da ta ruɓe, ɓuntun shinkafa. Shimfiɗa kaurin yatsu uku, ka cuɗa da ƙasar sama zurfin taƙi guda, kowace shekara. Ɗanyen ɓuntu yana ƙwace wa shuka sinadarin da yuriya ke bayarwa, saboda haka a fara ruɓar da shi ko a babbaka shi sama-sama.

Ka ɗaga kunya santimita 20 zuwa 30, ka fitar wa ruwa hanya, ka rufe gindin shuka da ciyawa. Kada ka yi kaftu ƙasa na jiƙe sharkaf. Dunƙula ta a hannu: in ta marmashe, shiga, in ta manne kamar tuwo, dakata.

In kana ganin fari-fari kamar kanwa a saman ƙasar, kai samfurinta wurin malamin gona a auna kafin ka ƙara kashe ko sisi.