Neon ko cardinal: wanne zai iya da zafin Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi akwatin gilashi na kifin ado mai cin lita 60. Mai shago ya nuna min ƙananan kifaye iri biyu masu layin shuɗi, neon da cardinal, kuma neon ya fi araha. Wanne zan ɗauka? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Cardinal za ki saya, ko da ya fi tsada, saboda zafin garinku.

Dukkansu 'yan Kudancin Amurka ne, kuma ba mai wuce santimita 5 a cikinsu. Neon ɗan ƙoramun yammacin Amazon ne, wajen Peru da Kolombiya da Brazil, inda inuwar daji ke rufe ruwa. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 20 zuwa 26. Shi kuwa cardinal daga kogin Negro da Orinoco yake, yana jure 28 har ya ɗan haura. A watan Afrilu ruwan da ke ɗakin da ba na'urar sanyaya iska yana iya wuce 30, ki ga neon suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Shi ma cardinal ɗin ki nisanta shi da taga, ki sa fanka tana kaɗa saman ruwan.

Wajen saye ki duba jan layin da ke jikinsu: na cardinal ya taso tun daga kai har jela, na neon daga tsakiyar jiki yake farawa.

Sai ruwa, kuma nan aka fi yin asara. Ruwan Negro kamar shayi yake ba madara, ganyayen da suka ruɓe ne suka rina shi, ma'adinai kaɗan ne a cikinsa. Ruwan burtsatse kan zo da ma'adinai da yawa, don haka a auna miki shi, in ma'adinan sun yi yawa ki gauraya da tsaftataccen ruwan sama. Na famfo kuma sai an sa maganin cire kilorin. Ki bar matatar ruwan tana aiki kamar mako huɗu, kina ɗan zuba abincin kifi, kafin kifi ya shiga.

Ki sayi goma a tare, domin kifin garke ne, in ya ga ba 'yan uwa sai ya ɓuya, launinsa ya dushe. Da yawansu ma masuntan Barcelos ne a Brazil ke kamo su da ƙaramar koma, sun sha doguwar hanya, don haka ki zaɓi waɗanda suka yi mako biyu a shago suna cin abinci. Ki kuma tanadi famfon iska mai batir saboda ɗaukewar wuta.