"Sabo turken wawa": wane sabon ake nufi?

Wani mai shagon buga takardu a Jekadafari, cikin garin Gombe, ya aiko da tambaya kan Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin su Windows. Ya ce: "Malam, ina so in sa wa kwamfutocin shagona Linux. Na ga akwai irin da ba ya canzawa sai bayan shekaru, akwai kuma wanda kullum ake sabunta shi. Da na nuna sha'awar na biyun, sai abokina ya ce mini sabo turken wawa. Shin maganar ta hau kaina? Kuma me za mu kira waɗannan iri biyu da Hausa?"

Malam, abokin nan naka ya ɗebo ruwan dafa kansa. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, shi ya sa kalmomi biyu suka zama tagwaye a takarda. Akwai sabo kishiyar tsoho, wanda murya ke zama sama a gaɓoɓinsa biyu, macensa sabuwa, jam'insa sababbi. Akwai kuma sabo na sabawa da abu, wanda murya ke farawa ƙasa sannan ta hau, ba shi da mace ba shi da jam'i. Ban sa saɓo a lissafi ba, shi lanƙwasar ɓ ta raba mana gardama. Na cikin karin maganar shi ne na biyu. Turke kuwa itacen da ake kafawa a ɗaure akuya ko doki. Bahaushe yana zolayar wanda abin da ya saba da shi ya ɗaure shi wuri guda, ko da ciyawar wurin ta ƙare. Ka ga ke nan mai ƙin canji maganar ta fi kama. Da abokinka ya ce "da tsohuwar zuma ake magani", ko "sauri ya haifi nawa", da ya samu bakin zaren.

Batun suna ya fi ɗaukar hankalina. Ɗauki Debian, ɗaya daga cikin ire-iren Linux, wadda Ian Murdock ya assasa a 1993. Rassa uku gare ta. Sabuwar manhaja takan fara sauka a reshen da suke kira Sid, idan ta yi 'yan kwanaki ba a ga babban aibi ba ta wuce reshen gwaji, daga can kuma, kusan duk shekara biyu, a dakatar da shigar sababbin abubuwa, a tace, a fitar da abin da suke kira stable. Debian 12 ta fito a Yunin 2023, Debian 13 a Agustan 2025.

Na ji samari suna fassara stable da "marar matsala". Ban yarda ba. Abin da masu ita ke nufi shi ne ba ta motsi: manhajar da ka samu ranar farko ita za ka ci gaba da gani, sai dai facin tsaro da gyaran manyan kurakurai. Idan akwai ɗan aibin da ka saba kauce masa, gobe ma yana nan inda ka bar shi. "Tabbatacce" ya yi alkawarin da ya fi ƙarfinsa. "Tsayayye" ya kusa, amma kunnen Bahaushe yakan ji yabo a ciki, kamar a ce tsayayyen namiji. Ni "kafaffe" na zaɓa, don ba ya yabo ba ya kushe, ga shi kuma ya dawo da mu kan turke.

Ɗaya ɓangaren, irin su Arch Linux da ba su da ranar fitowa sai dai sabuntawa ta yi ta kwarara, wasu na ce masa "ɗanye". Kalmar ta yi masa rashin adalci, don ɗanyen aiki a bakinmu ɓarna ce. Gara a ce "na ɗumi-ɗumi", yadda 'yan rediyo ke cewa labari da ɗumi-ɗuminsa. Abinci ne da ya nuna, sai dai yanzu aka sauke shi, mai gaggawa yana iya ƙona baki.

Tunda ka tambaye ni har da zaɓi, ga nawa ra'ayin, ko da yake kalmomi ne sana'ata. Shago yana son kafaffe. Na ɗumi-ɗumi yana shan data, kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa, kana iya wayar gari na'ura ta ƙi tashi, ga ɗalibai a bakin ƙofa suna jiran a buga musu furojet. Ubuntu ma, wani nau'in Linux, tana da kafaffiya mai dogon zango, da ke fitowa a watan Afrilu duk shekara biyu, kamar 24.04, ana kula da ita shekara 5, alhali masu fitowa a tsakani wata 9 kawai suke samu. Inda kafaffe ke ba da kunya shi ne idan ka sayo laftof sabuwa dal, ya kasa gane na'urar wayifai ɗinta don ta fi shi ƙuruciya. To ita wannan ka sa mata Fedora, nau'in Linux mai fitowa kusan duk wata 6, ka tafi da ita gida ka yi ta gwaje-gwajenka bayan isha'i.