Amsa: Akwati na 1 a takardar W-2 ya nuna sifiri

'Yar'uwa, kin ce W-2 ɗinki, takardar albashi da haraji da wurin aiki ke bayarwa duk shekara a Amurka, ta iso da sifiri a akwati na 1, na albashin da ake biya wa harajin tarayya, kina tambaya ko sai kin cike takardar haraji. Fara duba akwati na 2, mai nuna harajin tarayya da aka cire daga albashinki. In an cire miki ko dala goma ce, sai kin aika fom 1040, takardar harajin tarayya ta shekara, kafin IRS, hukumar haraji ta Amurka, ta maido miki, kuma bayan shekara uku kuɗin sun tafi ke nan.

Sai akwati na 12, mai yiwuwa can dalilin yake. Harafin D na nufin albashin ya shige asusun ritaya na 401(k), shi ya sa za ki ga adadi a akwati na 3 da na 5, na albashin da ake biya wa harajin fansho (Social Security) da na lafiya (Medicare), ko da akwati na 1 sifiri ne. Harafi II kuwa kuɗin shirin lafiya na gwamnati mai suna Medicaid ne da ake biyan mai jinyar wanda suke zaune gida ɗaya, wanda sanarwar IRS mai lamba 2014-7 ta cire daga harajin tarayya. A nan mutane ke asara: kina da damar lissafa kuɗin nan a matsayin kuɗin aiki don neman EITC, rangwamen haraji na masu ƙaramin albashi, ba tare da an caje ki haraji a kansu ba. Gwada lissafin duka hanyoyi biyu.

Kada ki manta da jiha. Jihar Fensilbeniya, alal misali, tana karɓar haraji a kan abin da aka zuba a 401(k), don haka duba akwati na 16, na albashin da ake biya wa harajin jiha.

In akwati na 12 fanko ne kuma kin san an biya ki albashi, mai yiwuwa kuskuren ofishin biya ne. In haka ne, nemi su ba ki W-2c, wato W-2 da aka gyara, kafin ki aika komai.