Wace sakandare zan kai ɗana a Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Rijiyar Zaki cikin Kano. Ɗana na fari yana aji shida na firamare, shekararsa 11. Mahaifiyarsa tana so a saka shi makarantar kuɗi ta kusa da gida, yayana kuma ya dage a kai shi makarantar kwana, wai a can yaro yake zama namiji. Ni burina ya shiga kwalejin kimiyya ta Dawakin Tofa ko ta Dawakin Kudu, don yana son lissafi. Ni ma'aikaci ne, albashina ba wani mai yawa ba ne, ga ƙannensa uku suna tafe. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya raya shi da ƙannensa, ya yi musu albarka.

Malam, abin da zan fara rage maka shi ne nauyin da ka ɗora wa kanka. Kana kallon shekara shida a dunƙule, alhali zaɓi biyu ne a gabanka, kuma na farkon ne kawai ya zo. Sakandare ta kasu biyu, ƙarama shekara uku, babba shekara uku, a tsakaninsu akwai jarrabawar kammala ƙaramar sakandare da ake kira BECE. Kwalejojin kimiyyar da kake buri, Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda Jihar Kano ta kafa a 1977 don ta samar da likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa, an san su da ɗaukar yaran da suka gama aji uku, ta hanyar jarrabawar da Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha take shiryawa. Ke nan ko yau ka so, ba yanzu ne lokacinsu ba. Aikinka na bana shi ne ka samo ƙaramar sakandaren da za ta kai shi bakin wannan ƙofa da ƙarfinsa a lissafi da Turanci da kimiyya.

A kan wannan, ni ina bayan mahaifiyarsa, amma ba gaba ɗaya ba.

Ina bayanta a maganar kusa da gida. Mutane suna raina nisa, kuma a Kano nisa shi ne yake cinye karatun yara da yawa ba tare da an lura ba. Yaron da zai tashi daga Rijiyar Zaki ya ratsa Kabuga ya shiga gari ya ɓulle Bompai ko Hotoro, sai ya bar gida da duku-duku, ya dawo bayan la'asar a galabaice. Islamiyya ta wuce shi, aikin gida kuma da gyangyaɗi zai yi shi. Ga kuɗin adaidaita sahu kullum, wanda idan ka tara na zango guda za ka ga ya kusa zama wani kuɗin makarantar. Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Tsakanin ƙofar makaranta da ƙofar gida akwai awanni da ba malami, ba uba, kuma a wannan tsakanin ne yaro namiji yake haɗuwa da abokan da suke koya masa tsallake aji, zaman gidan kallon ƙwallo, daga nan har abin da ba a fata, shaye-shaye da bin 'yan daba. Iya gajartar hanyar, iya raguwar wannan.

Inda ban bi ta ba shi ne ɗaukar cewa duk makarantar kuɗi ta fi ta gwamnati. Makarantun kuɗi a Kano sun yi yawa, kuma tazarar da take tsakanin ta kirki da ta banza ta fi wadda take tsakanin ta kuɗi da ta gwamnati. Akwai wadda gida ne mai ɗaki huɗu aka shafa wa fenti aka kafa allo aka rubuta suna mai daɗin ji, malami ɗaya yana koyar da darussa uku, ana bin mai makarantar albashin wata biyu, kowane zango da sabon malamin lissafi. Akwai kuma wadda ba ta da ƙyale-ƙyale amma malamanta sun shekara biyar, bakwai, suna nan. Ta biyun kake nema, kuma daga bakin titi ba za ka gane ta ba.

Saboda haka ka je da ƙafarka, ranar karatu, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya, ba tare da ka sanar ba. Kada ka tsaya a ofishin shugaban makaranta inda akwai fanka da kofunan gasa. Ka roƙi izini ka leƙa aji. Ka ƙirga yaran da suke ciki, ka ga ko akwai malami a tsaye ko kuwa an bar wa manita allo yana kwafe musu. Ka karɓi littafin lissafin yaro ɗaya ko biyu ka buɗe: yaushe rabon da a yi musu maki, kuma idan yaro ya faɗi, an nuna masa inda ya kuskure ko jan biro kawai aka ja? Wannan littafin zai gaya maka abin da shugaban makaranta ba zai faɗa ba. Ka tambayi malamin lissafi da na Turanci shekararsu nawa a wurin, da abin da suka karanta. Ka tsayar da wani ɗan aji biyu ya karanta maka sakin layi ɗaya na Turanci, ya gaya maka ma'anarsa da Hausa. Sannan ka leƙa banɗaki da wurin alwala, ka tambayi yadda ake sallar azahar. Ka kuma tabbatar makarantar tana da rajista da gwamnati kuma ɗalibanta a nan suke zana jarrabawa, ba kwashe su ake yi zuwa wata cibiya ba.

Maganar sakamako kuwa tana buƙatar taka-tsantsan. Kowace makaranta za ta ce maka ɗalibanta duk sun ci WAEC da NECO. Idan ka ji an ce babu wanda ya taɓa faɗuwa, to ka ƙara bincike, domin sanannen abu ne cewa akwai wuraren da ake karɓar kuɗi a rubuta wa yara amsa a allo. Yaro ya fito da kiredit tara, ya je JAMB a gaban kwamfuta ya kasa kai makin shiga, ko ya shiga jami'a a kore shi a aji ɗaya. Tambayar da ta fi amfani gare ka ita ce: bara yara nawa suka ci jarrabawar kwalejojin kimiyya daga wannan makarantar? A kawo maka sunaye da unguwanni. A Kano ba za ka rasa wanda ya san iyayen ɗaya daga cikinsu ba.

Yanzu maganar yayanka. Ba ƙarya ya yi ba, makarantar kwana tana koya wa yaro tashi da wuri, wanki, zama da mutane iri-iri, da tsayawa da ƙafarsa. Mutanen da suka yi Barewa a Zariya ko Rumfa, wadda ta faro a 1927 a matsayin Midil ta Kano, har yau da wannan suke alfahari. Sai dai ɗan shekara 11 da ɗan shekara 14 ba ɗaya ba ne. Na farkon, idan manyan ɗalibai suka matsa masa da aike da duka da ƙwace abinci, ko aka yi masa abin da ya fi wannan muni, sau da yawa ba zai iya faɗa ba, sai dai ka ga ya dawo hutu ya rame ya yi shiru. Na biyun ya san ciwon kansa, ya san abin da ba a yarda a yi masa ba. Ka gaya wa yaya cewa ba ƙin shawararsa aka yi ba, ɗaga ta aka yi zuwa shekara uku, kuma kwalejojin Dawakin nan duka na kwana ne, na maza zalla. In Allah ya sa ya ci, burinka da nasa sun haɗu a wuri ɗaya.

Idan duk da haka kuna son a gwada ta kwana tun yanzu, akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Kano a hanyar Zariya, wadda maza da mata ne. Shigarta sai da jarrabawar Kwaman Entrans ta ƙasa da NECO take shiryawa, kuma tun yana aji shida ake yin rajista, don haka ka tambayi hedimastansa tun da wuri. Ba laifi ya zana, ko don ka ga matsayinsa a cikin sa'o'insa.

Game da kuɗi, maganata ɗaya ce: kada ka duba ko za ka iya biyan zangon farko, ka duba ko za ka iya biyan na tara lokacin da ƙaninsa shi ma ya shigo. Ka tambayi komai a rubuce, littattafai, yunifom, kuɗin jarrabawa, kuɗin motar makaranta, domin abin da ake faɗa da baki ba shi ne ake biya ba. Yaron da ake kora gida kowane zango saboda bashi, ko ake canja masa makaranta sau uku a shekara uku, ya fi cutuwa a kan wanda ya zauna a ta gwamnati tun farko. In ka sami ta gwamnati a kusa wadda shugabanta tsayayye ne kuma ajin bai cika maƙil ba, ka saka shi, abin da ka rage ka ɗauki malamin da zai riƙa zuwa yana yi masa lissafi da Turanci sau uku a mako. Na fi natsuwa da wannan a kan makarantar kuɗi mai araha da ba ta da malamai.

Ka kuma bar ƙofa a buɗe. Son lissafi a aji shida alama ce mai kyau, amma yaro yana sauyawa. In ya kai aji uku ka ga hankalinsa ya fi karkata ga Larabci da shari'a, ga Makarantar Nazarin Larabci, SAS, wadda asalinta makarantar horar da alƙalai ce tun 1934. In hannunsa ne yake da kyau a wayarin ko gyaran inji, kwalejojin fasaha suna ƙarƙashin hukumar nan guda da ta kimiyya, suna zana jarrabawar fasaha ta NABTEB. Kafin ku yanke, ka ware makarantu biyu da suka yi maka, ka tafi da shi da mahaifiyarsa su gani da idonsu, ka ji wadda shi ya fi so da dalilinsa.