Gishiri a Abincin Ɗan Wata Bakwai: Hajiya Ta Ce a Sa, Wajen Awo Sun Ce A'a

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ɗana na fari ne, watansa bakwai. Na fara ba shi kunun gyaɗa da faten dankali, amma cokali biyu yake karɓa ya tofar. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ɗanɗana ta ce lami ne, ko ita ba za ta iya haɗiya ba, in riƙa barbaɗa ɗan gishiri da rabin dunƙule. A wajen awo kuwa an ce kada in sa. Ina jin nauyin Hajiya, ina kuma tsoron cutar da yaro. Yaya zan yi? Daga Maman Abba, Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya raya Abba, Ya albarkaci rayuwarsa. Maganar wajen awo ita ce daidai: kada ki sa masa gishiri ko dunƙule har ya cika shekara guda.

Dalilin yana ƙodarsa. Ita ce ke tace gishirin da ya yi wa jiki yawa ta fitar da shi a fitsari, ƙodar jariri kuwa ba ta gama ƙwari ba. Abin da ke da ɗan ɗanɗano a bakinki, a wajenta kaya ne mai nauyi. Ma'aunin da hukumar lafiya ta Ingila ke bayarwa shi ne ƙasa da giram 1 a rana ga wanda bai kai shekara ba, giram 2 ga ɗan shekara 1 zuwa 3. Babba ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Ki kasa cokalin nan biyar, kashi ɗaya ma ya yi wa Abba yawa. Wannan ɗan kaɗan ɗin kuma yana samunsa tuni a nononki da abincin da kike dafa masa, domin ƙwai da kifi da ganye duk suna ɗauke da nasu.

Dunƙulen nan shi ya fi damuna, don mu nan Kano ba ma lissafa shi cikin gishiri. Sau nawa uwa ta ce mini, "Wallahi Anti ban sa gishiri ba, dunƙule kawai na marmasa." Alhali kusan rabin dunƙule gishiri ne zalla. Akwai gishiri kuma a garin da ke cikin ledar taliyar yara da yajin ƙuli, haka kanwa, wadda ita ma sinadarin sodiyam irin na gishiri ne a cikinta. Don haka ɗanwake da waken da aka dafa da kanwa su jira tukuna. Ke ma mai shayarwa ki sassauta wa kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta yawan shansa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Batun tofarwa kuwa, ba rashin gishiri ba ne. Abba bai taɓa sanin gishiri ba, balle ya yi kewarsa. Wata shida ya yi bai san komai ba sai nono, yanzu yake koyon juya harshe da haɗiyar abu mai kauri. Wani yaron sai an kawo masa abinci iri ɗaya sau goma kafin ya yarda da shi. Ki ba shi kafin ya galabaita da yunwa ko barci, kada ki yi masa ɗure. Abin da harshe ya saba da shi yanzu, shi zai nema idan ya girma, ga shi hawan jini ya yi mana katutu a gidaje.

Ba sai kin ɗora tukunya biyu ba. Idan kabewa ko alayyafo ko kuɓewa ta nuna, ki ɗebi nasa a ɗan kwano kafin ki zuba gishiri da dunƙule da barkono. Ki dame da ɗan manja ko man gyaɗa, ki sa albasa da tumatir, ki marmasa dafaffen ƙwai ko kifin da kika tsince ƙayarsa sarai. Dankalin Hausa da ayaba da gwanda suna da zaƙinsu na Allah.

Wuri ɗaya ne gishiri ke zama magani, wato idan yaro yana gudawa. Nan ki ba shi ruwan ORS, wato haɗin gishiri da sukari na leda, ki haɗa daidai yadda aka rubuta a jikin ledar, kada ki rage ruwan, ki ci gaba da shayarwa, ki kai shi asibiti.

Ita kuma Hajiya, ƙauna ce ta sa ta magana, so take ta ga jikanta ya yi ɓul-ɓul. Kada ki yi musu da ita a kan kwano. Ki fahimtar da maigidanki ya faɗa mata da bakinsa, ko ki roƙe ta ta raka ki awo na gaba ta ji daga ma'aikaciyar jinya. In ta yarda, ki miƙa mata cokalin. Sau da yawa yaro ya fi buɗe baki a cinyar kakarsa.