Lauya na da abin yi a harkar sauyin yanayi da sufuri?

Tambaya: Ina shekarar ƙarshe a karatun lauya, kuma raina na son aikin da ya shafi sauyin yanayi, musamman motocin lantarki. Abokaina sun ce wannan fagen injiniyoyi ne. Akwai abinci a ciki ga lauya?

Amsa: Ƙanwata, akwai, sai dai ba lallai a inda kike hange ba. Masu sha'awar fagen kan hango kansu gaban alƙali suna maka gwamnati a kotu. Ana yi kam. A 2007 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa hukumar kare muhallin ƙasar tana da ikon taka wa iskar da ke ɗumama duniya birki, kuma hayaƙin mota ne tushen rigimar. A 2019 Kotun Ƙolin Holan ta tilasta wa gwamnatin ƙasar rage hayaƙi da aƙalla kashi 25 cikin 100 bisa na 1990. Amma irin waɗannan shari'u kan ci shekaru, kuma lauyoyi ƙalilan ke taɓa su.

Galibin aikin a kan tebur yake. Yarjejeniyar Faris ta 2015, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sauyin yanayi, ta bar wa kowace ƙasa ta faɗi alƙawarinta na rage hayaƙi, to dole wani ya zauna ya mai da alƙawarin nan doka. A ce wani birni zai sayi bas-bas masu lantarki. Idan batir ya gaji kafin wa'adinsa, wa zai ɗauki asarar? Filin da za a kafa wurin caji, na waye? Shi mai wurin cajin, wuta yake sayarwa har ya buƙaci lasisi, ko hidima kawai yake yi? Na ga an kwashe yini cur ana ja-in-ja kan ma'anar kalma ɗaya a kwangila, kuma wallahi ta cancanci hakan.

Abokanki ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. A 2015 aka gano kamfanin Volkswagen ya sa wa motocin dizal kimanin miliyan 11 manhajar da ke gane lokacin gwaji, ta rage hayaƙi a lokacin kawai. Lauyan da bai iya karanta sakamakon gwaji ba, ɗan kallo ne a irin wannan shari'a.

Don haka ki riƙe dokar gudanar da hukumomi da ta kwangila da ta makamashi da kyau, domin manufofin yanayi kan sauya idan gwamnati ta sauya, waɗannan kuwa suna nan. Aikin farko ki nema a hukumar sufuri ko ta lantarki, inda za ki zauna kusa da injiniya ki dame shi da tambaya.