Makaɗan rok za su zo Accra: amsa ga mai kwangilar dandamali da wuta

Ɗan'uwa, ka ce wata ƙungiyar makaɗan rok mai nauyi daga Amurka za ta biyo ta Accra a rangadinta, an ba ka aikin dandamali da wuta, kana tambayar lasifika nawa za ka ɗauko haya. Ajiye wannan tukuna, makaɗan za su aiko da takardar buƙatunsu, komai a rubuce. Abin da ke rusa irin wannan wasa a garin nan wuta ce, sai kuma ranar da aka sa.

Duba ranar tun yau. Kowace shekara sarakunan ƙabilar Ga ta Accra kan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda kafin bikinsu na gargajiya, Homowo, galibi daga Mayu zuwa Yuni, ga shi lokacin damina ta kankama. In ranarku ta faɗa ciki, a ɗaga kawai. Dokar tarurrukan jama'a ta Ghana ta 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda a rubuce aƙalla kwana 5 kafin taro, amma ku kai takarda da wuri. Izinin shige da fice da kuɗin GHAMRO, ƙungiyar da ke karɓar haƙƙin mawaƙa a Ghana, na mai shirya wasan ne.

To, wuta. Tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Amfilifayar jita ta 'yan rok, irin mai wat 100, yawanci mai kwalba ce da transfoma a ciki. Ko ƙirar kamfanin Marshall ce 'yar Ingila, in don kasuwar Amurka aka haɗa ta, 120 take ci, don haka karanta bayanta kafin kowa ya jona. In aka soka ta a 230, ka yi sa'a fis ya ƙone, in babu sa'a transfomar ta tafi. Nemi transfoma mai sauke wuta wadda ƙarfinta ya ninka abin da za a ɗora mata, soket ɗin 120 kuma su zama irin na Amurka, a naɗe su da jan tef. Wutarmu na juyi 50 a daƙiƙa, tasu 60, shi ya sa kayansu kan yi zafi a nan fiye da gida. Sa fanka a bayan kowace amfilifaya.

Kada ka dogara da wutar gari, kowa ya san dumsor, wato yawan ɗauke wuta. Janareta biyu, ɗaya na sauti, ɗaya na fitilu da allon hoto, na uku yana jira. In ka haɗa sauti da fitilu a janareta guda, duk sanda fitilu suka motsa za ka ji "zzz" a jita. Kada lodi ya wuce kashi 75 cikin 100, saboda bugun ganga da bes fizgar wuta suke yi farat ɗaya. Janareta mai ƙarfin kVA 250 kan sha dizal lita 40 zuwa 50 a awa, kuma lissafinka ya fara daga gwajin sauti, ba daga hawan makaɗa ba.

Kafin a jona komai a sa mita: 230 tsakanin kowane layi da nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta), 400 tsakanin layi da layi. Nutural ɗin nan shi ne mugun. In ya kwance, wuta kan haura ta doshi 400 a wasu soket, miksa da amfilifaya su ƙone lokaci guda. A kafa sandar ƙasa, a ɗaure ƙarafan dandamali da ita. Kuma duk yaron da ka ga zai karya ƙafar ƙasa ta fulogi wai don ya kashe ƙugi, kore shi. Mai jita hannunsa na kan tsirkiyar ƙarfe, leɓensa na kan makirfo; in ƙasan biyun ta bambanta, ta jikinsa wutar za ta bi. A wayar sauti ake magance ƙugi.

In a Black Star Square ne, babban filin taron nan na bakin teku, iskar teku na tura allon hoto kamar tanti, a danne ƙafafun da tankunan ruwa. Lasifikan tsakiyar fili kuma a jinkirta su: sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, mai nisan mita 60 na son jinkirin kashi 175 cikin 1000 na daƙiƙa, in ba haka ba na baya sau biyu za su ji kowane bugu.

Masu gadi ma a zauna da su. 'Yan kallon rok kan yi ture-ture da gangan a gaban dandamali, wanda ya faɗi a ɗaga shi. Mai gadin da bai sani ba zai zaci faɗa ne ya zaro kulki. Shingen gaba ya zama mai faranti a ƙasa, wanda nauyin jama'a ke dannewa. Ƙofofin fita kuwa kada a sa musu kwaɗo ko na minti ɗaya. Ran 9 ga Mayu 2001 fiye da mutum 120 suka rasu a filin wasa na Accra wajen turmutsitsin fita, da yawansu 'yan unguwar Nima, Allah Ya jiƙansu.

Yaranka da za su tsaya gaban lasifika ka saya musu abin toshe kunne. Ƙarar wurin kan kai desibel 100, kuma a wannan mataki abin da ya wuce minti 15 ɓarna yake yi wa kunne.